Na Kwashe Shanyar Mutane, An Ce Ni Ɓarauniya Ce

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko na yayyaga su. Ni ba mai magana ba ce. Ko a gida cewa ake yi sai an kawo kunne kusa da bakina kafin a ji abin da na ce. Shekarata goma sha uku, bana na gama firamare, yanzu ina aji ɗaya a makarantar kwana ta 'yan mata. Na san filinki ne saboda Innata wanki da guga take yi, kuma da tsofaffin jaridu take naɗe kayan mutane idan ta goge. Kafin ta naɗe nakan roƙe ta ta bari in karanta shafinki. Sau da yawa sai in sami wasiƙa ba amsa, don an yage rabin shafin. Shi ya sa nake roƙo, idan za ki amsa mini, a sa amsar kusa da wasiƙar.

Ba zan faɗi sunan garinmu ba. Amma idan kin ji jerin nan da aka karanta a rediyo na garuruwa goma da suka fi munin zama, to mu ne na biyu. Ranar da aka karanta, Kakata ta ce ko a nan ma an yi mana ƙwange, an hana mu zuwa na ɗaya. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni dai abin da nake ta tunani shi ne, su mutanen na ɗayan yaya suke yi?

Ba ƙarya suka yi mana ba, Anti. Akwai kamfanin siminti a gabas da unguwarmu, ƙurarsa kuma a kanmu take sauka. Ganyen bishiyoyinmu ba kore ba ne, launin toka ne. Ruwan randa idan aka manta ba a rufe ba, sai ya yi farar yana a sama. Tireloli sun farfasa titi, da damina sai ka tattare zani har gwiwa. Asibiti ɗaya ne, rabin mutanen da ke layi tari ne ya kawo su, har da ƙanwata. Kaka takan ce a garinmu ba a gane tsoho, don jariri ma da furfurarsa yake dawowa daga kasuwa. Baba a kamfanin yake aiki, a ɓangaren ɗinke buhu. Idan ya dawo, gira da gemu duk fari, sai ya tsaya a soro ya kakkaɓe jiki kafin ya shigo. Da wannan aikin ya saya mini akwati da katifa. To kin ga ba ma iya tsine wa kamfanin da baki cike.

Akwai abin da nake so ki gane, don shi ne tushen maganar. Kafin 'yan kamfanin su saki ƙura daga dogon bututunsu, sai sun busa jiniya. Ba ta da lokaci, wata rana sau ɗaya, wata rana sau uku. Daga kukan jiniya zuwa saukar ƙura bai fi minti biyar ba. Idan kuma ƙurar ta sauka a kan jiƙaƙƙen kaya, sun tashi daga aiki, don suna bushewa za su ƙame kamar kwali, ko an sake wankewa ba sa komawa daidai. Saboda haka a unguwarmu da an ji jiniya, duk wanda ke kusa da igiya kwashewa yake yi. Ba a tsayawa tambayar na wane ne. Naka da na maƙwabta duka za ka haɗa, ka kai ɗaki, ka lulluɓe, ka rufe taga, ka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Inna da Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, sun yi shekara guda ba sa ga maciji saboda rigimar kwata, amma ko sau ɗaya ba wadda ta bar shanyar wata a waje. Sai dai ki ga kaya a ninke a kan katanga, ba wanda ya ce wa wani na gode. Tun ina shekara biyar nake wannan aikin. Inna takan ce duk layinmu ba wanda ya kai ni sauri.

A makon farko da na zo makaranta, wani malaminmu ya shigo aji da jarida, ya karanta mana wannan jerin. Da ya zo kan garinmu ya kwatanta yadda yake, sai aji ya ɗauki dariya. Wata ta ce wai mutanen can idan suka yi atishawa bulo ne ke faɗowa. Anti, ni ma na yi dariya. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. Wadda muke zama benci ɗaya, Rediyo ake ce mata saboda bakinta ba ya hutawa, ta juyo ta tambaye ni daga ina nake. Sai na ji bakina ya faɗi sunan garin da Goggona take aure. Sau biyu kawai na taɓa zuwa can. Kafin a tashi, duk ajin ya san wai ni 'yar can ce. Rediyo ita kaɗai ce ƙawata. Ita ta yi ta surutu, ni in yi ta saurare, haka muke zaune lafiya.

Daga nan na yi abin da ya fi wannan muni. Akwai direban da ke kawo mana saƙo daga gida. Na ce ya gaya wa Inna kada ta zo ranar ziyara, wai hanya ta yi nisa, kada ta wahalar da kanta. Gaskiyar ita ce, Inna ba ta iya ganin mutum ba ta gaishe shi ba, kuma kafin a gama gaisawa ta gaya masa garinmu da unguwarmu da sana'arta. Ga hannuwanta duk sabulu ya cinye. Da direban ya dawo ya kawo mini zanin gado a goge, a naɗe cikin jarida, da sabulu biyu. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce cewa kawai ta yi, to.

Ranar Asabar da ta wuce, ranar wanki ce. Kowa ya shanya, an tafi filin wasa, ni na zauna a ɗaki ina kwafar aiki don ba na son hayaniya. Ashe makaranta ta sayo jiniya a madadin ƙarfen da ake bugawa, kuma a ranar aka gwada ta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Wallahi ƙafafuna ne suka tafi, ban yi shawara da kaina ba. Igiya shida ce a bayan ɗakinmu, na kwashe su tas, riguna da zannuwa da safa, na jibge a kan gadona, na lulluɓe da bargo, na rufe tagogi. Ina durƙushe ina cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa shugabar ɗakinmu ta turo ta shigo. Sai a lokacin na leƙa waje na ga sama fes, ganyaye kore shar, ba abin da ke sauka.

Ta yaye bargon, ta kira mutane. Kayan mutum arba'in a kan gadona, a ɓoye, taga a rufe. Aka kira Malama mai kula da ɗakunan kwana. Ta tambaye ni sau uku me zan yi da su, na kasa cewa komai. Na san amsar, amma idan na faɗe ta dole in faɗi inda na koyi haka, ga Rediyo a tsaye tana kallona, ga wadda ta yi maganar bulo. Sai na sunkuyar da kai. Da aka rarraba kayan, wata 'yar aji uku ta ce ba ta ga sabon mayafinta ba. Ni ban gan shi ba, ban ma san launinsa ba.

Malama ta ce ranar ziyara, Lahadin ƙarshen wata, in zo da mahaifiyata ofishin shugabar makaranta. Ta ce dokar makaranta a kan sata ɗaya ce, kora. Yanzu da na shigo ɗaki sai in ji ana danna kwaɗo a akwatuna. Sun sa mini suna Tsintsiya. Rediyo ba ta canza benci ba, amma batir ya mutu, kwana biyar ke nan ba ta ce mini komai ba sai aron biro.

Na yi tunanin in aika wa Goggo ta zo a matsayin Inna. Na san za ta zo, tana sona, ga ta da iya ado da magana. Amma idan aka tambaye ta dalilin kwashe kaya me za ta ce? A garinsu shanya kwana take yi a waje.

Abu ɗaya na sani, Anti: ba zan bar makarantar nan ba. A cikin 'yan matan ajinmu na firamare ni kaɗai na ci jarrabawar. Ba zan koma gida da akwatina a kai a ce an koro ni saboda sata ba, alhali Inna shekara goma sha biyar tana riƙe kayan mutane ko maɓalli bai taɓa ɓata a hannunta ba. Na ƙudura zan yi karatu har in fitar da su daga ƙarƙashin bututun nan. Sai dai ban san yadda zan buɗe baki ba, ko a aji aka ce in karanta, murya ce ke guduwa. Ban san da wane ido zan kalli Inna ba bayan na ce kada ta zo. Kuma ki gaya mini gaskiya, laifi ne mutum ya ƙi garin da aka haife shi? Don ni ba na son garinmu, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ranar da na buɗe zanin gadon nan na ji ƙamshin gugar Inna, sai da na kifa fuska a ciki.

Taki,
'Yar mai wanki

AMSA

'Yata, share hawayenki mu yi magana. Ke ba ɓarauniya ba ce. Yarinya ce ke da aka koya wa cewa kayan maƙwabci amana ne, hannunki kuma ya riƙe karatun fiye da yadda kike zato. Na daɗe ina karɓar wasiƙu a wannan fili, ban taɓa samun wadda laifinta shi ne ceton shanyar mutum arba'in a minti biyar ba.

Amma ki yi wa Malama adalci. Ta shigo ta tarar da kayan ɗaki guda a ƙarƙashin bargo, tagogi a rufe, ta yi tambaya sau uku ba amsa, sannan aka ce mayafi ya ɓata. Ko ni ce a wurin, zargin da zan yi ke nan. Ba mugunta ta yi miki ba, shirunki ne ya ba da shaida a kanki. 'Yan ɗakinku ma da ke rufe akwati, abin da suka gani suke yi wa hukunci. Ba wanda zai iya wanke ki sai ke, kuma abin wankin yana hannunki.

Kada ki jira Lahadin ƙarshen wata. Kin ce murya tana guduwa, to biro bai gudu ba. Wadda ta rubuto mini wannan wasiƙa ba ta rasa bakin magana ba. Ki sami takarda ki rubuta wa Malama labarin jiniya da igiya kamar yadda kika rubuto mini, ki sa sunan garinku ɓaro-ɓaro, ki kai mata da hannunki gobe. Idan ta ce ki yi bayani, ki karanta abin da kika rubuta, ko muryar na rawa. Ki kuma sani, takardar shigarki makaranta tana ofis, da sunan garinku da aikin Babanku a ciki. Abin da kike ɓoyewa a rubuce yake tun ranar da kika zo, kuma shi ne zai gaskata ki.

Maganar mayafi, ki faɗi iyakar abin da kika sani: ba ki gan shi ba, amma kin kwashe kaya da gudu, yana iya faɗuwa a hanya ko ya shige cikin na wata. Ki roƙi a duba akwatinki a gaban kowa, a duba bayan gadaje da gindin igiyoyi. Sannan ki ba 'yan ɗakin haƙuri, don ko da niyyarki mai kyau ce, kin cakuɗa musu kaya kin tayar musu da hankali.

Batun Goggo kuwa, ki bar shi inda kika ajiye shi. Ke da kanki kin gano ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙaryar farko ta yarinta ce, za a yi dariya a manta. Kawo wata a matsayin uwa gaban shugabar makaranta, wannan ita ce za ta iya jawo korar da kike gudu.

Rediyo tana binki gaskiya. Mai surutun da ta yi shiru kwana biyar ba ta bar bencinki ba, jira take ki ba ta dalilin tsayawa tare da ke. Ki ja ta gefe ki gaya mata komai, har da dariyar da kika yi, ki ce ta yafe miki. Ina kyautata zaton daga nan kin huta, don Allah ya haɗa mai kunya da gidan rediyo a benci ɗaya. Ba zan ce miki tsokana za ta ƙare nan take ba. Za a yi maganar bulo kwana biyu. Idan an yi, kada ki musa, kada ki sunkuyar da kai. Ki ba su ta Kaka ta jariri mai furfura. Wanda ya riga mutane yi wa kansa dariya ya ƙwace musu sanda.

Yanzu ga babbar. Ki roƙi Malama aron waya ki kira Inna da bakinki, ba ta bakin direba ba. Ki gaya mata kin ji kunyar garinku, kin yi ƙarya, kuma kina so ta zo. Ki gaya mata batun ofis tun yanzu, kada ta ji shi a bakin ƙofa. Wannan “to” da ta aiko miki, 'yata, ba ta rashin ganewa ba ce. Uwa ta san tsawon hanya, ta kuma san abin da ya fi hanya nisa. Ta gane, ta haɗiye, ta goge miki zanin gado. Mai irin wannan zuciya ba za ta ba ki wahala wajen yafiya ba. Idan kuma ta tsaya gaban shugabar makaranta ta kwatanta yadda ake kwashe shanya a unguwarku, ba na jin za a nemi wata shaida.

Kin tambaye ni ko laifi ne ki ƙi garinku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garin da yara ke tari, ruwa ke yin yana, ba a ce dole sai kin yabe shi ba, kuma ba zan ce ki tashi a aji ki ce aljanna ce ba. Ki ƙi ƙurar, ki ƙi titin, ki ƙi layin asibitin. Tarin ƙanwarki ma kada a saba da shi a ce ai ciwon garin ne, a ci gaba da kai ta ana dubawa. Amma ki raba ƙura da mutanen da take sauka a kansu. Masu jerin nan sun auna iska da titi da asibiti, sun kuma faɗi abin da suka gani. Ba su da ma'aunin da zai auna mata biyu da ba sa gaisawa amma suna ninke wa juna kaya a kan katanga. Akwai garuruwa masu kore shar da shanyar maƙwabci za ta jiƙe a ruwan sama kowa na kallo ta taga. Burinki na fitar da iyayenki mai kyau ne, ki riƙe shi da karatu. Idan za ki fita, ki bar ƙurar a can, ki fito da wannan halin.

Ranar ziyara kada ki zauna a ɗaki ki jira a kira ki. Ki tsaya a bakin ƙofar makaranta, ki karɓi kayan hannunta, ki ratsa da ita ta tsakiyar fili. Ki bar ta ta gaisa da duk wanda ta ga dama.

Na roƙi edita ya sa wasiƙarki da amsata a shafi ɗaya, ya kuma yarda. Idan wata rana shafin ya faɗo hannun Inna za ta naɗe kaya, ki ce ta dakata, wannan karon ke za ki karanta mata. Allah ya wanke ki, ya ba ƙanwarki lafiya, ya yi wa karatunki albarka.